Dutsen guga biyu da ƙaramin janareta: ka yi lissafi kafin ka fitar da kuɗi

Wani mai shagon wanki da guga daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Ina da dutsen guga na lantarki guda biyu. Katin mita ba ya jimawa, ga ɗauke wuta. Wani mai sayar da janareta ya ce ƙaramin nan mai lamba 950 zai riƙe min aiki. Na sa mai gyaran wuta ya auna, ya ce kowane dutse yana jan amfiya 5.2 a kan bolt 230. Ban san me zan yi da lambobin ba. In saya ko in bari?"

Malam, kada ka saya. Lambobin nan biyu da kake gani kamar ba su da amfani, su ne suka cece ka daga asara.

Ka ninka bolt (ƙarfin da ke tura wuta) da amfiya (yawan wutar da ke bi ta waya), abin da ya fito shi ne wat, wato yawan wutar da abu ke ci. 230 sau 5.2 ya ba da 1,196, mu ce wat 1,200. Wannan dutse ɗaya ke nan. Ƙaramin injin da aka yi maka tallansa ko wat 1,000 bai kai ba, to ta ina zai ɗauki ɗaya, balle biyu? Duwatsunka biyu wat 2,400 ne, kafin a sa fanka da ƙwan fitila. Kuma manyan janaretoci da wani ma'auni mai suna kVA ake rubuta ƙarfinsu, galibi sai ka ninka da 800 ka sami wat na gaskiya: mai kVA 2.5 zai ba ka wajen wat 2,000, bai isa ba. Sai ka kai 3.5 kafin hankalinka ya kwanta. Mai sayarwa ba lalle ne mugunta ya yi maka ba, ya saba da masu kunna talabijin da cajin waya ne.

Yanzu batun kati. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Dutsenka na cin yunit 1.2 a awa, amma ba kullum yake ja ba. Ka lura da 'yar fitilar jikinsa: in ya yi zafi sai ta mutu, to a lokacin ba ya cin komai. Mu ƙaddara kana guga awa shida, fitilar na kunne rabin lokacin. Yunit 3.6 ke nan, biyu kuma 7.2. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin yunit na rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225, daga baya aka ɗan rage. Sauran rukunai sun fi sauƙi, don haka ka duba risit ɗinka ka sa naka farashin. Da 225 ɗin, wutar yini ta kama naira 1,620. In kun goge kaya 60, kowane ya ci naira 27. Wannan lambar nake so ka riƙe. Da yawan masu sana'arka na yanke kuɗin guga ne da abin da maƙwabci ke karɓa, ba su san nawa wuta ta ci a jikin riga ɗaya ba, kuma babbar riga ta shadda mai sitaci ba ɗaya take da singileti ba.

Akwai lissafi na biyu da nake ganin ya fi daɗi. Ka raba bolt da amfiya, sai ka sami turjiyar abu, wato yadda yake tare wa wuta hanya. Da om ake auna ta, sunan wani Bajamushe masanin kimiyya, Georg Ohm, da ya wallafa ƙa'idar a 1827. 230 a raba da 5.2 ya ba da om 44. Turjiyar ƙarfen da ke cikin dutsenka kusan a tsaye take, wutar layi ce ke hawa da sauka. Ranar da aka kawo ta ba ƙarfi, a ce bolt 180, sai ka raba 180 da 44, amfiya ta koma 4.1. Ka ninka da 180, wat bai wuce 740 ba. Bolt ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafi kuwa ya tafi da kusan kashi biyu cikin biyar, domin ragin sau biyu yake shiga lissafi. Shi ya sa a irin ranar yaronka zai yi ta dirzar riga ɗaya kana zargin ya yi lalaci. Ba laifinsa ba ne, kuma dutsen bai lalace ba, kada ka kai shi gyara.

Turjiyar nan tana cikin wayar wuta ma. Siririyar waya ta fi kauri turjiya, kuma duk abin da ta tare zafi yake zama. Duwatsu biyu a kan ƙaramin ekstenshan na bakin titi amfiya 10.4 ne ke bi ta ciki. In ka taɓa ka ji ɗumi, kuɗinka ne ke ƙonewa, ga kayan mutane jibge a gefe. Ka sa a ja wa kowane dutse nasa soket da waya mai kauri, irin wadda masu gyaran wuta ke kira mai 2.5.

Ni dai ba na son a ƙona fetur don a sami zafi. Mafi yawan man da janareta ke sha zafi yake zama ya bi iska ta salansa da jikin inji, ɗan abin da ya rage ne ke zama wuta, kai kuma ka sake mayar da shi zafi. Ka ajiye dutsen gawayi mai kyau don ranar da babu wuta, fararen kaya da masu laushi kuma ka jira da su har a kawo. In har kana da kwastomomin gaggawa, irin masu biki ko tafiya, ka ari babban janareta na yini guda, ka auna litar da ya sha, ka raba da yawan kayan da aka goge. In abin da ya fito za su iya biya a kan kuɗin guga, sannan mu yi maganar saye.