Me ya sa ba ma jibga dutse kawai a gaɓar tsibiri

Jiya muna cikin kwalekwale ka ce min, wai Oga tunda ruwan nan ko ƙugu bai kai ba, me zai hana mu jibga manyan duwatsu a gaɓa mu huta, sai mun tsaya shimfiɗa yadi da tsakuwa? To ɗana, saurara da kyau.

Ƙasar da ke bayan dutsen ita ruwa ke sacewa. Igiyar ruwa ta bugo ta kutsa tsakanin duwatsu, in za ta koma sai ta tafi da yashi da laka kaɗan kaɗan, kai kana ganin aiki tsaye ƙalau alhali ciki ya zama kogo, rana ɗaya kawai sai ka tarar duwatsun sun nutse. Na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna, na dawo na samu saiwar bishiya a waje tana reto, wallahi har yau abin yana min ciwo. Shi ya sa muke fara shimfiɗa yadin nan da ake kira jiyotestail, aikin rariya yake yi, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Sai tsakuwa a kai don kada kaifin manyan ya yage shi, sannan manyan, sahu biyu, kuma fasasshen dutse mai kusurwa, shi ke cizon ɗan'uwansa. Mulmulalle gangarawa yake yi.

Kar zurfin ruwan ya ruɗe ka, duba inda iska ke fitowa. Ɓangaren da ke kallon buɗaɗɗen ruwa mai nisa nan igiya ta fi ƙarfi, kuma in tsayinta ya ninka biyu, nauyin dutsen da zai tsaya mata sai ya ninka sau 8. Ga shi dutse sauƙi yake yi a ruwa, kubik mita na dutsen giranit wajen ton 2.7 ne a tudu, a ciki ya koma kamar 1.7.

Kada ka miƙar da shi kamar katanga, kwantar da shi, duk hawan mita 1 ka ba shi kwanciyar mita 2. Gindin kuwa, nan ne na fi sa ido, a haƙa rami a binne duwatsun da suka fi girma, don in ruwa ya rarake ƙarƙashi duk na sama biyowa za su yi. Ƙarshen jerin ma ka lanƙwasa shi ya shiga cikin tudu, in ba haka ba ruwa zagayowa zai yi ta baya.

Gobe kai za ka haƙa gindin, ina tsaye a kanka.