Ya Tafi Yaye Daura, Har Yau Bai Dawo Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Ɗana na fari yana da shekara biyu surukata ta tafi da shi Daura domin yaye, ga shi yanzu yana da shekara shida da haihuwa amma bai dawo ba. Idan ya zo hutu sunana yake kira gatsal, ba ya durƙusawa ya gai da mahaifinsa, kuma da na tsawata masa sai ya ce zai gaya wa Hajiya. Maigidana ya ce ba zai iya buɗe baki ya nemi mahaifiyarsa ta dawo da shi ba. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, abin da Hajiya ta yi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin tun kaka da kakanni akan kai yaro wurin kakarsa idan ya cika shekara biyun shayarwa da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, kuma ɗan fari, wanda iyayensa ke jin kunyarsa har ba sa kiran sunansa, shi ne ya fi zama a can. Saboda haka kada ki ɗauka ƙwace aka yi miki.

Sai dai yaye daban, riƙo daban. Tsakanin kaka da jika wasa ne. Matar da ke kiran yaro "maigidana", tana tsokanarsa ya kawo kuɗin cefane, tana ɓoye masa ƙosai a ƙarƙashin faifai don kada sauran yara su gani, da wuya ta ɗaure fuska ta tashe shi da asuba, ko ta kora shi makarantar allo ranar da ya ce kansa na ciwo. Wannan ba laifinta ba ne, ta riga ta yi nata horon a kan 'ya'yanta. Amma ɗanki ya kusa shekara bakwai, lokacin da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla, kuma umarni yana buƙatar wanda yaro yake shakkar idonsa.

Maganar ba taki ba ce da surukarki, ko a waya kada ki tayar da ita. Nauyin yana kan maigidanki, idan kuma kunya ta hana shi, akwai baffansa ko gwaggonsa da Hajiya take jin maganarsu. A je mata da ladabi, a yi godiya a kan ɗawainiyar shekarun nan, sannan a kafa hujja da karatu: an samo masa gurbi a firamare da Islamiyya a Katsina, ana neman izininta ya fara a sabon zango. A kuma yi la'akari da cewa sau da yawa kaɗaici ne yake sa tsohuwa ta riƙe jika, don haka idan shi kaɗai ne mai ɗebe mata kewa, sai dangi su nemo wanda zai zauna da ita. Tsakanin Katsina da Daura tafiyar kamar kilomita 80 ce, yaron zai iya yi mata kowane dogon hutu, har da Sallar Gani.

Idan ya dawo, kada ki fara da bulala, kuma kada ki taɓa kushe Hajiya a gabansa, domin a wajensa ita ce uwa. Kiran sunanki da yake yi ba raini ba ne, a bakinta ya ji. Ki sa ƙannensa da mahaifinsa su riƙa cewa "Umma" a gabansa, ki kuma bari ya ga kina durƙusawa kina gai da manya, zai ɗauka da kansa cikin 'yan watanni.