Amsa ga Hajiyar da 'yan tsakinta ke zawo

Wallahi Hajiya da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce zawo ya ƙi tsayawa, duburar 'yan tsakin ta liƙe da kashi, kin ba su antibayotik har kala biyu babu sauƙi, yanzu an ce ki gwada furobayotik, wato ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, ko yana aiki? Yana yi, amma ki daina ɗura musu magani barkatai tukuna.

Irin wannan ta same ni. Mai shagon da nake sayen magani, duk zuwan da na yi sai ya miƙo wani ƙunshin, wai wancan ba shi da ƙarfi. Bai taɓa tambayata kalar kashin ba, bai taɓa cewa in kai mushe likita ya buɗe ba. Ni kuwa kuɗin adashena ne kaf a cikin kajin nan. Da asuba in shiga da tocila ina tsintar matattu a bokiti, sauran sun takure jikin murhu, fukafukai a sake. Na koma masa ina hawaye, ko jaje bai yi min ba, wai ai da cutarsu aka kawo su daga Ibadan, ya sake miƙo wani. Har yau in na bi ta ƙofar shagon raina ɓaci yake. Na bar shi da Allah.

Likitan dabbobi ne ya warware min. Hanjin kaza cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani, antibayotik kuwa ba ya zaɓe, da mugu da nagari duk sharewa yake. Ɗan tsakon gida yana samun nasa wajen tsattsagar kashin uwarsa, na injin ƙyanƙyasa kuwa bai taɓa ganin uwa ba. Tun 1973 masana a ƙasar Finlan suka nuna cewa in aka ba sabon ƙyanƙyasa ƙwayoyin hanjin babbar kaza, ƙwayar cutar Salmonella ba ta samun wurin zama. Aikin furobayotik ke nan: rayayyun ƙwayoyi ne irin su Lactobacillus da Bacillus, su mamaye bangon hanji, su cinye abincin da masu cutar za su ci, wasunsu su fitar da tsamin da masu cutar ba sa jurewa.

Tunda masu rai ne, kada ki haɗa su da antibayotik a mazubi ɗaya. Ki gama antibayotik ɗin da likita ya rubuta, sannan ki bi da furobayotik. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe su, wanda aka shanya a rana a kasuwa ma kada ki saya. Kuma don Allah ki duba shimfiɗar ɗakin, in ta jiƙe ki kwashe, asarata da yawa daga nan ta ƙaru.

Mu ma mutane haka ne fa. Autana in ya sha antibayotik cikinsa yakan ɓaci, sai in ba shi kindirmo na madarar da aka dafa, amma in zawo ya yi yawa ruwan gishiri da sukari da zinc ne gaba, sai asibiti.

In kin ga jini a kashin, wataƙila cutar hanjin da ake kira koksidiyosis ce, furobayotik ba ya maganinsa, kuma ba ya maye gurbin rigakafin cutar Gumboro da na cutar Newcastle da ake kira Lasota. Ki turo mana hoton kashin, ki faɗi kwanansu nawa, gobe da safe kuma ki kai mushe ɗaya wajen likita.