Me ya haɗa manyan coci da gunkin giya?

Tambaya: Salam. Ni ɗaliba ce, a darasin tarihin zane malaminmu ya nuna mana hoton wani saurayi da ganyen inabi a ka yana miƙo kofin giya, wai wani kadinal ne ya biya aka zana. Abin ya ɗaure min kai wallahi, ya za a yi babban malamin coci ya sa a zana masa gunki? Kuma me ya sa zanen lokacin ya cika makiyaya da tumaki?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Daga kwatancenki ai zanen Bakus kenan na Karabajiyo, mai zane ɗan Italiya, wanda ya zana wajen 1596 a Roma lokacin yana zaune gidan Kadinal del Monte, yanzu zanen yana gidan tarihi na Uffizi a Fulorans. Bakus shi ne allahn giyar inabi a tatsuniyoyin Rumawa, Girkawa kuma Diyonisus suke ce masa.

Toh abin da za ki fara sani shi ne babu mai bauta masa a lokacin, an fi shekara dubu da daina wannan. Irin wannan zane ba a coci ake rataye shi ba, a fadoji ne da ɗakunan baƙi, kuma harkar nuna ilimi ce, kowane babban mutum ya yi karatun Latin yana yaro ya haddace waƙoƙin su Obid da Birjil, mawaƙan Rumawa na da, so idan baƙo ya shigo ya ga Bakus a bango sai ya san maigidan ya sha littafi kuma aljihunsa da nauyi. Kadinal Farnese ma rufin wani zaure guda ya ba Annibale Karrachi (mai zane ne, ba garin Pakistan ba) ya fara a 1597, tsakiyar rufin ayarin Bakus ne da amaryarsa Ariyadne.

Amma ki koma ki ƙara kallon hoton nan da kyau, don nan ne daɗin yake. Farcen yaron akwai datti. Fuskarsa da hannunsa rana ta dafa su, sauran jikin fari fat, kin ga alamar wani ɗan unguwa aka kamo aka yafa masa zanin gado, har katifar da ya kishingiɗa a kai tana leƙowa. Kwanon 'ya'yan itacen kuwa wasu sun fara ruɓa, tuffa ɗaya tsutsa ta huda, rumman ya fashe. Ni dai a ganina Karabajiyo tsokana yake, ka ce a zana maka allahn jin daɗi ya kawo maka yaro da kayan marmarin da suka kwana. Kafin wannan ma ya zana kansa a matsayin Bakus mara lafiya, fata kore kore leɓe ya yi fari.

Belaskes ɗan Sifaniya ya bi irin hanyar wajen 1629, ya zaunar da Bakus cikin talakawa mashaya masu jan hanci, Sarki Filib na huɗu ya biya shi dukat 100, kuɗin zinari na lokacin. Zanen yana Madrid.

Batun makiyaya kuma daga Arkadiya ya taso, wani yanki mai duwatsu a Girka da mawaƙa suka mayar ƙasar mafarki, kiwo da sarewa da soyayya kawai. Masu sayen zanen dai mutanen birni ne da ba su taɓa kwana da tumaki ba, shi ya sa makiyayan suke fes. Gwarchino ɗan Italiya ya zana makiyaya biyu sun ci karo da ƙoƙon kan mutum, ga ɓera ga ƙuda a kai, a ƙasa an rubuta Et in Arcadia ego, wato har a Arkadiyar ina nan, mutuwa ce ke magana. Pusan Bafaranshe ya sake zana shi wajen 1638 da kabari maimakon ƙoƙon kai, wannan yana gidan tarihi na Luba a Faris, ki ce malaminku ya nuna muku su biyun a jere.