Tambayi Likita: Ciwon Daji da Taurin Jijiyoyin Jini

Likita, ana ɗaura wa mahaifiyata wani jan ruwa saboda sankarar mama. Sai kuma aka ce a yi mata hoton zuciya. Me ya haɗa su? Daga wata baiwar Allah, Gwaram.

Allah ya ba Inna lafiya. Da alama jan ruwan nan doxorubicin ne. Yana aiki sosai a kan sankara, amma yana iya raunana zuciya, ya kuma sa jijiyoyin jini su yi tauri.

Lafiyayyar jijiya tana buɗewa duk lokacin da zuciya ta buga, sannan ta koma, kamar sabon tiyon ban ruwa. Idan ta ƙandare kamar tiyon da ya sha rana, dole zuciya ta riƙa tura jini da ƙarfin tsiya, ƙarfin kuma ya riƙa dukan ƙoda da ƙwaƙwalwa. Daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya. Bincike ya nuna masu ciwon daji da jijiyoyinsu suka yi tauri sun fi shiga haɗarin mutuwa. Abin da ke ci mini rai, sai mace ta sha wahala ta rabu da sankara, zuciyar da ba a kula da ita ba ta kayar da ita. 'Yar uwa, ku yi hoton nan, kada kuma ku tsayar da maganin da kanku. In ƙafafunta sun kumbura, ko tana haki idan ta kwanta, ku koma asibiti a ranar.

Mu da muke ƙauye, ta yaya za mu gane jijiyoyin jini sun yi tauri? Daga wani magidanci, Ɗambatta.

Malam, ainihin gwajin yana auna saurin gudun bugun jini tsakanin wuya da cinya. Idan ya haura mita 10 a daƙiƙa, akwai tauri. Na'urar ba ta ko'ina, amma awon hawan jini na asibitin sha-ka-tafi ma yana ba da haske. Idan ka ga 160 bisa 80, tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa 80 ke nan. Ga dattijo, tazarar da ta wuce 60 abar nuna wa likita ce.

Babana yana karɓar allurar sankarar furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), yana kuma da hawan jini. Ya ce magani ya yi masa yawa, zai ajiye na hawan jinin. Daga Ringim.

Ka lallaɓi Baba, kada ya ajiye. Allurar tana rage sinadarin mazakuta, hakan kuma kan ƙara taurin jijiya, ƙiba da suga. Yanzu ne ma ya fi buƙatar maganin. A rage gishiri, dunƙule da kanwa a miyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya. In yana shan taba ya bari, ya riƙa ɗan takawa bayan la'asar. Duk ranar ganin likita, ku tafi da kwalayen magungunansa gaba ɗaya, har da na gargajiya.