Tambaya da Amsa: Ina Hidima a Ikilisiya, Amma Zuciyata ta Yi Sanyi Wajen Addu'a

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni matar aure ce a nan Damagaram, ina cikin zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa, kuma da wuya a yi taro a majami'armu ban je ba. Duk da haka, idan na durƙusa ni kaɗai sai in rasa abin faɗa, hankalina ya koma kan cefane da kuɗin makarantar yara. Gidan haya muke, ɗaki biyu, mu bakwai. Yaya zan yi in kusaci Allah da gaske?

AMSA: Ƴar'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Sanyin da kike ji ba shaida ba ce cewa Allah ya yi nesa da ke. A cikin surori 150 na littafin Zabura akwai da yawa waɗanda kuka ne na bayin Allah da suka ga kamar an manta da su. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu, Zabura 88 kuwa ta ƙare ba tare da marubucinta ya sami sauƙi ba, kuma duk ana karanta su a sujada har yau.

Abin da na lura da shi a wasiƙarki shi ne yawan hidima. A Luka 10:38-42 Yesu bai tsauta wa Marta saboda girki ba, ya yi mata magana ne a kan damuwar da ta hana ta zama ta saurare shi kamar ƴar'uwarta Maryamu. Rera waƙa a tsakiyar jama'a ya fi zama shiru gaban Allah sauƙi, shi ya sa wani lokaci hidima takan zama wurin ɓuya. Idan ya kama ki ajiye taro ɗaya a mako don ki sami wannan zama, ki ajiye, ko da yake na san ba kowane shugaban ƙungiya ne zai ji daɗin wannan shawara ba.

Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, ke kuwa ba ki da ɗakin rufewa. Yesu ma, da jama'a suka cika ƙofar gida a Kafarnahum, tashi ya yi da sauran duhu ya fita inda babu kowa (Markus 1:35). A garinmu kiran sallar asuba yana tashin kowa, kuma maƙwabtanmu Musulmi ba sa wasa da wannan lokaci. Ki tashi ke ma, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida da ƴar fitilarki kafin a fara layin ruwa a famfo, ki buɗe Markus, wanda surorinsa 16 ne kawai, ki karanta ayoyi kaɗan a hankali, sannan ki yi wa Allah magana a kan abin da kika karanta. Mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), ƙungiyar masu wa'azin bishara, ta fara aiki a Damagaram a 1924, amma sai a 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ke ga shi a ɗakinki, cikin harshen da kike tunani da shi. Idan cefane da kuɗin makaranta suka faɗo miki a rai, kada ki kore su, ki miƙa su a matsayin roƙo, domin abin da Filibiyawa 4:6 ta koyar ke nan.

Ki kuma bincika ko akwai wanda kike riƙe da shi a zuciya. Matiyu 5:23-24 ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko. Wataƙila maƙwabciya ce da kuka sami saɓani a kan guga. Wataƙila kuma abin ya fi haka nauyi, domin akwai masu bi a garin nan da har yanzu ƙona majami'un da aka yi a Janairun 2015 yake ci musu rai. Irin wannan gafara ba ta samuwa a yini ɗaya, amma ana iya fara roƙon ikon yin ta tun gobe da asuba.

Ki nemi wata dattijuwa a zumuntarku wadda take da riƙon amana, ku riƙa yin addu'a tare sau ɗaya a mako, ki gaya mata gaskiyar halin da kike ciki. Idan kin kammala Markus, ki wuce zuwa Zabura, kuma ki sake rubuto mana.