An yi wa ɗana aikin gwiwa, in riƙa gasa masa?

Tambaya daga wata uwa a Tudun Wada, Gombe: Ɗana ya tsinka jijiyar gwiwa wurin ƙwallo a Pantami, an yi masa aiki, yau kwana shida. Gwiwar ta kumbura, kakarsa ta ce a gasa da ruwan zafi. Ya halatta? Kuma yaushe zai koma wasa?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada a gasa. Ruwan zafi yana ƙara kumburi a sabon aiki, kuma ɗinki ba ya son jiƙa. Ƙanƙara ake sa wa: a naɗe ta a tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Mai ɗori ma kada ya taɓa, don ba karaya ba ce. Jijiya aka dasa masa, galibi daga jikinsa aka ciro ta, murza kuwa na iya lalata dashen.

Abin da ya fi damun mu masu jinya shi ne filo. Don tausayi sai a cusa wa yaro filo a ƙarƙashin gwiwa, ya ji daɗi, gwiwar ta saba da lanƙwasa. Bayan makonni a nemi ta miƙe ta ƙi, ya dinga ɗingishi, wani ma sai an sake shiga da shi tiyata. A ƙarƙashin dunduniya ake sa filo, ƙafar na sama, gwiwa a miƙe sambal. Zai yi ƙorafi, ki daure. Ya riƙa motsa idon sawu yana ɗaure naman cinya yadda masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da motsa gaɓoɓi, suka koya masa, wannan ke sa jini gudu.

Salla a kan kujera, tsuguno a banɗaki kuma a dakata. Zaren ɗinki ana cirewa tsakanin kwana 10 da 14.

In kika ga zazzaɓi, mugunya, ko sharaɓa ta kumbura tana zafi, ku koma inda aka yi aikin ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa ko dare ne ku tafi, gudan jini ne ake tsoro.

Ƙwallo sai bayan wata 9 zuwa shekara, da izinin likitan ƙashi. Ciwon zai ɗauke tun jijiyar ba ta yi ƙwari ba, a nan ne abokai za su fara zuwa kiransa fili. Ki sa mahaifinsa ya tsaya a kan wannan.